Raɗar da Na Sa wa Keji

Ku samarin da ke zama a bencina kuna jiran a yi muku faci, kuna cewa gyaran keke ba sana'a ba ce, wai duk mai hannu biyu da sifana ɗaya zai iya, ku matso kusa. Sunana Sule, amma in ka shigo unguwar Magajiya a nan Suleja ka ce Sule, sai a tambaye ka wanne. Ka ce Injiniya Mai Faci. Ba jami'a ce ta ba ni sunan ba, 'yan unguwa ne, kuma ba girmamawa ce ta sa su ba. Karatuna aji uku ne na firamare, shi ma na ukun sau biyu na yi shi. Saboda haka in kun ga rubutuna ya karkace, ku karanta a karkace.

Aikin farko da maigidana ya ba ni ƙafar keke ce. Oga Titus ake ce masa, mutumin Gwari ne, gajere, ba ya yawan magana. Ya kwance wayoyin ƙafar duka ya zube su a ƙasa, ya ajiye gargaren a gefe, ya ce in mayar. Na ce a raina wannan ai aikin kafin azahar ne. Kwana uku na yi. Da na gama ya ɗora ƙafar a kan keke ya juya ta, sai ga ta tana rangaji kamar wadda ta sha burkutu. Bai zage ni ba. Ya ɗauko alli ya riƙe kusa da gargaren yana juyawa, duk inda allin ya taɓa nan ne karkata take. Ya ce, "In ka ja waya ta wannan gefe, ka sassauta ta wancan gefen. Kai ja kawai ka sani." Daga nan ya koya mini in riƙa kaɗa wayoyin da farce ina saurare. Wadda ta yi sako-sako muryarta ƙasa take, wadda ta ɗaure da yawa tana ƙara kamar za ta tsinke. Shekara huɗu ina gabansa, kuma rabin abin da na koya da kunne na koye shi.

Ko facin da kuke rainawa yana da tsarinsa. Ka hura tub, ka tsoma shi a ruwa kana juyawa a hankali har ka ga inda kumfa ke fita. Ka tsane wurin, ka goge da samfefa, ka shafa sholisho, sannan ka jira ya sha iska. Jiran nan shi ne sana'ar. Ku in kun shafa sai ku manna nan take, ku danna da babban yatsa, mai keke ya tafi, kafin ya kai kasuwa iska ta gudu. Kuma kafin ka mayar da tub, ka zura yatsa cikin taya ka zagaya, don ƙayar da ta huda shi tana nan zaune tana jiran na biyu. Kayan aikina ba su fi cikin akwati ɗaya ba: sifanoni, filaya, sukundireba, famfo, gwangwanin giris, kwalbar ƙwayoyin boris, da wata guduma da ta girmi wasunku.

Da can kowa a garin nan keke gare shi. Masinja, malamin makaranta, manomi da buhun doya, leburorin da ke tafiya aikin gini Abuja tun ana share daji. Da safe layi ake yi a gabana. Sai shekarar da babura masu araha suka cika gari ta zo. Cikin 'yan watanni kowa ya jingine keke a bayan ɗaki kaji suna kwana a kai. Na ce to, ni ma bari in koma gyaran babur, ai duk ƙafa biyu ne. Na farko da na kwance, da na haɗa shi sai na ga ragowar noti huɗu a ƙasa, mai shi kuma ya tura shi har gida yana ambaton iyayena. Na dawo kan bencina. Shekarar nan da tayar baro da keken guragu na ci abinci, wata ranar kuma ba a ci ba.

Mutum ɗaya ne bai daina zuwa ba, Malam Bulus. Malamin firamare ne, daga kudancin Kaduna aiki ya kawo shi, ya zauna a unguwar Bagama ya yi iyali. Kekensa baƙi ne, na ƙarfe, irin na da mai nauyi. A waccan shekarar duk Asabar sai ya kawo shi ya ce, "Injiniya, ina jin wata ƙara a baya." In duba sama in duba ƙasa, babu komai. Sai in ɗiga mai a sarƙa, ya biya ni kamar na yi babban aiki. Na san ƙarya yake yi, ya san na sani, muka yi shekara a haka ba wanda ya tona wani.

Da ya yi ritaya sai ya koma noma. Yana da gona can wajen Garam, sau uku a mako yake hawa keken nan ya tafi, ya dawo da yamma da rogo ko masara a kariyar ɗaukar kaya ta bayan keke. Amma kafin ya kauce zuwa hanyar ƙauye dole ya bi babban titi, kuma kun san abin da ke bin titin nan, tankokin mai da tireloli da 'yan Abuja masu sauri kamar an biyo su. Ga shi kunnensa ya yi nauyi. Na hagu ya mutu gaba ɗaya, na dama sai ka ɗaga murya. Na sa masa madubi, rawar hanya ta sa ba ya ganin komai a ciki sai inuwa. In kuma ya waiwaya, wuyan tsufa, sai keken ya bi kansa ya shiga titi.

Yana da 'ya, Rifkatu, nas ce a Abuja. Ita ce ta ce ya isa. Ta ce tana ganin irin waɗanda ake kawo musu daga kan titi, ba za ta zauna jiran ranar da za a kawo ubanta ba. Shi kuma ya ce in aka raba shi da keke an raba shi da gona, don kuɗin mota sau uku a mako ya fi ƙarfin fanshonsa, zaman gida kuwa kashe shi zai yi. Suka yi ta ja. A ƙarshe ta samo wata na'ura ta hannun wani likita mai tseren keke, ta ce wannan ce dama ta ƙarshe. In ta yi aiki ya ci gaba da hawa. In ba ta yi ba, za ta zo ta sa keken a but ɗin motarta ta tafi da shi.

Ranar da ya kawo mini ita a cikin ɗan kwali, na buɗe na ga abu biyu. Ɗaya dogo ne kaɗan, bai kai tsawon tafin hannu ba, sama jar fitila, ƙasa baƙar roba sumul. Ɗayan kuma kamar akwatin ashana mai gilashi.

Na ce, "Danja ce. Ai na ɗaura irinta ta fi dubu." Danja ita ce jar fitilar bayan keke, ga waɗanda ba su sani ba.

Ya ce, "Ba danja ba ce kawai. Rada ce."

"Raɗa?"

"Rada, Injiniya. Tana ganin motar da ke tahowa ta baya ta gaya maka."

Na ce, "Tica, mutumin da ko hon ɗin tanka ba ya ji, shi aka sayo wa raɗa?"

Ya ce, "Me ka ce?"

Na ce, "Ka gani ko?"

Ya yi mini bayani yadda Rifkatu ta yi masa. Doguwar a ƙarƙashin sirdi ake ɗaura ta tana kallon baya, ƙaramar a hannun keke. Ba waya tsakaninsu, amma suna magana da juna. In mota ta taho, ƙaramar za ta yi ƙara, gefenta ya yi launi, wani ɗigo ya riƙa hawowa daga ƙasa zuwa sama yana nuna kusantowarta. Akwai takarda a kwalin, Turanci ne ƙanana kamar tururuwa. Malam ya manta tabarau a gida, ni kuwa ko da tabarau huɗu ne ba abin da zai sauya. Muka ninke ta muka mayar.

Abin da ya dame ni maɗaurinta. Wata 'yar roba ce kamar wadda mata ke ɗaure gashi da ita. Na tambayi kuɗin na'urar, da ya faɗa sai da na ajiye sifana, don ta fi keken tsada nesa ba kusa ba. Kuma nan Suleja ne. A garin nan duk abu mai daraja keji ake yi masa. Janareto yana cikin keji, mitar wuta tana cikin keji, famfon rijiya yana cikin keji, madubin mota ma sai an zana masa lamba an ɗaure da ƙusa. Yaya zan bar abu mai wannan tsada a rataye da robar gashi, ya shiga coci ya fito ya tarar da wayam?

Na ce ya bar mini keken zuwa jibi. Na samo fallen kwano mai kauri, na auna, na yanka, na lanƙwasa, na kai wa mai walda ya haɗa mini. Na yi masa ƙofa da 'yar fata don a riƙa ciro ta a yi caji, na sa ƙaramin kwaɗo. Da yake an ce tana gani, na yi tunani irin na masu ilimi, na ce gani da ido ake yi, idon kuwa ai fitilar ce. Sai na huda rami daidai jar fitilar, zagayayye, na goge bakinsa. Baƙar robar ƙasa kuwa na rufe ta ruf, don a ganina nan batir yake. Na shafa baƙin fenti ya dace da keken. Wallahi aikin ya yi kyau. Mutane suna tsayawa kallo. Malam da ya zo ya ce, "Injiniya, ko masu kamfanin ba su yi wannan tunanin ba." Na ce, "Ai ba su taɓa zuwa Suleja ba."

Bayan kwana takwas ya dawo yana tura keken, gwiwar hannunsa a naɗe da tsumma, wandonsa a yage. Ya ce tun da aka sa ta ba ta taɓa cewa uffan ba. Fitilar tana ci, ƙaramar tana nuna sun haɗu, amma ko ɗigo ɗaya bai taɓa gani ba. Ran nan ya zo kauce wa rami, ya duba gilashin ya ga fes, ya ɗan shiga titi, sai ga tanka ta wuce shi da tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba. Iskarta ce ta jefa shi kwata. Da babu na'urar da ya tsaya ya waiwaya kamar yadda ya saba. Yarda da ita ce ta kusa kashe shi.

Na ce, "Kayan zamani ke nan, kyan kwali kawai." Ko a mafarki ban kawo aikina ba.

Ya so ya ɓoye, amma matarsa ta buga waya. Ran Asabar da hantsi Rifkatu ta tsayar da motarta gaban rumfata, ta fito ta buɗe but tun kafin ta gaishe ni. Malam yana zaune a benci ya sunkuyar da kai kamar ɗalibin da aka kama.

Ta ce, "Ina kwana, Baba Sule. Don Allah cire mini abin nan in mayar wa mai shi. Keken kuma a kwance ƙafar gaba ya shiga but."

Malam ya ce, "Rifkatu, masarata ta kusa nuna."

"Dadi, mun yi magana. Masara ko kai?"

Ya juyo gare ni ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce tana gaishe ka."

Ta ce, "Baba Sule, ba wasa nake yi ba."

Na ga ba wasan. Na karɓi ɗan makulli wurin Malam na buɗe kwaɗon. Keken yana tsaye a bakin hanya, bayansa yana kallon inda motoci ke fitowa, duka na'urorin biyu a kunne. Ina zaro ta daga kejin, tana hannuna, sai ƙaramar ta kan hannun keke ta yi ƙara, tit tit. Gefen gilashin ya yi ruwan lemo, ga ɗigo yana hawowa. Na ɗaga kai. Can nesa, tazarar da ta fi tsawon filin ƙwallo, wata bas ce ke tahowa. Ɗigon yana hawa bas tana matsowa, ta wuce mu, ɗigon ya ɓace, gilashin ya yi kore.

Na mayar da ita cikin kejin a hankali. Mota biyu suka wuce, shiru. Na sake zaro ta. Tit tit, ɗigo biyu, ɗaya a bayan ɗaya, ga tasi ga babur a bayanta.

Rifkatu ta dubi kejin, ta dube ni. Ta ce, "Wa ya yi wannan?"

Na duba hagu na duba dama ko akwai wani Injiniyan. Babu. Na ce, "Ni ne, 'yata. Na bar mata ido fa. Ga ramin."

Ta sa yatsa a kan baƙar robar. "Baba, nan ne take gani. Wannan ta sama fitila ce kawai."

Daga baya ta karanta mana takardar. Ashe na'urar wani irin saƙo na iska kamar na rediyo take jefawa baya wanda kunne ba ya ji, ido ba ya gani, ya bugi mota ya dawo, daga dawowar take gane nisan motar da saurinta. Yana ratsa roba, amma ba ya ratsa ƙarfe. Nan take na gane, don duk wanda ya taɓa shiga shagon kwantena da rediyo ya san yadda tasha ke ɓacewa. Ni da na koyi sana'a da kunne, ni ne na toshe wa abin Allah kunne da kwano, na sa kwaɗo, na shafa fenti.

Malam ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ko masu kamfanin ba su yi wannan tunanin ba!" Ni ban yi dariya ba, ina kallon tsumman da ke gwiwar hannunsa. Na ce, "Tica, ka yafe mini. Ni na jefa ka kwata, ba tanka ba." Wannan karon ya ji tun farko. Ya ce, "Da hannuna na karɓa ina yabo. Mu biyu muka yi."

Rifkatu ba ta rufe but ba. Ta ce ita ba ta yarda da abin da aka gwada a tsaye ba. Na kwance kejin na jefa ƙarƙashin benci. Na ɗaura na'urar da robar gashin nan da na raina, kuma sai da na ja ta na ji ƙarfinta na san wanda ya yi ta ya san aikinsa, don tana shanye rawar hanya ba ta tsinkewa. Na daidaita ta tsaye cak, tana kallon baya sak, ba ƙasa ba sama. Na lura kuma in ya ɗora buhu a kariya zai tare ta, sai na mayar da ita can ƙarshen kariyar, bayan kaya. Wannan dai tunanina ne, kuma takarda ba ta hana ba, na sa an duba sau biyu.

Muka fita gwaji. Malam a gaba a kan keke, ni da Rifkatu a mota. Ta ce masa duk lokacin da abin ya nuna mota ya ɗaga hannun dama, kada ya waiwaya. Muka bar shi ya yi nisa a babban titi, sannan ta taho. Tun muna hango shi ɗan ƙarami hannu ya tashi. Jar fitilar kuma ta sauya bugu, ta riƙa walƙiya da sauri tana haska mana ido, wato tana gaya wa direba ma ga mutum nan. Ta wuce shi, ta tsaya, ta bar shi ya sake yin gaba. Karo na biyu ta lallaɓo a hankali kamar ɓarauniya, hannu ya tashi. Karo na uku muna tsaye a gefe wata tanka ta taho a guje. Na ga Rifkatu ta damƙe sitiyari. Tankar ba ta kai rabin tazarar ba Malam ya sauka daga kwalta ya koma kan jar ƙasa, ya sa ƙafa ɗaya ƙasa ya jira. Ta wuce da iskarta. Bai hau ba. Ashe akwai wata a bayanta, mu ba mu gan ta ba, shi ya ga ɗigo biyu. Sai da ta biyun ta wuce ya koma hanya.

Na yi shekara fiye da arba'in ina sa wa keke ƙararrawa da madubi da danja, duk don mai keke ya tsira da ransa, ban taɓa ganin abin da ya kai wannan ba. Amma kada ku ɗauka malaika ce. Ba ta san direban da ya gan ka da wanda ke latsa waya ba, duk ɗigo ne a wurinta. Ba ta ganin ɗan acaɓan da ya biyo hannun da ba nasa ba ta gabanka, ba ta ganin akuya. A cikin kasuwa kuwa kuka take yi ba tsayawa har ka gaji. In caji ya ƙare ta zama ado. Kuma in wani gwani ya yi mata keji, kun ji abin da ke biyo baya. Shi ya sa na gaya wa Malam, in ya hau titi mota ta wuce shi abin bai nuna ba, ya sauka nan take, shirun nan ba lafiya ba ne.

Da muka dawo rumfa Rifkatu ta daɗe tsaye a bayan motarta, hannunta a kan murfin but. Sannan ta jero sharuɗɗa. Caji duk dare. Hular kwano, ko ana zafi. In ya shiga coci ko kasuwa ya cire na'urar ya sa a aljihu, abin da ya kamata in yi tunaninsa tun farko. Malam yana ta gyaɗa kai, ban sani ba ko rabi ya ji.

Ta juyo gare ni. "Baba Sule, kai kuma kada ka ƙara mata komai. Ko fenti."

Na ce, "Ko 'yar rumfa saboda ruwan sama?"

"Baba Sule!"

"To, na ji."

Ta rufe but ɗin, ba komai a ciki sai tayar safaya. Malam ya ɗaure ƙafar wandonsa da roba, ya hau, ya ce shi gona zai wuce, tsuntsaye ba su san an yi hutu ba.